Baragurbin Gidanmu

Yayana mai gyaran fanka ne da dutsen guga, kuma duk unguwarmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Baragurbi. Ba mutanen gari ne suka raɗa masa ba, Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san abin da ake nufi: ƙwan da uwa ta gama kwanci a kansa, 'yan'uwansa suka fashe suka fita, shi ya rage a gurbi yana wari. Mu biyar ne a wurin Baba. Huɗu muka tashi muka kama gabanmu, Yaya ya zauna. Ya buɗe tireda, ta cinye kanta. Ya koyi tuƙi, ranar da babbar mota ta danna masa ham ya ajiye makulli bai sake ɗauka ba. Ya yi aure, bayan shekara biyu matar ta ce ba za ta iya zama da mutumin da sai an yi masa tambaya uku yake ba da amsa ɗaya ba. Wata rana Baba yana hira da baƙi, Yaya ya gitta da buta a hannu, sai Baba ya ce, "Kowane gurbi da baragurbinsa." Baƙi suka yi dariya. Ni ina da shekara goma sha biyu, na fi kowa dariya, kuma ni na fitar da sunan waje.

Ni ce auta. Shekara ashirin da biyu ina aikin goge-goge a asibiti. Bakina ya fi hannuna sauri, hannun kuma ba ya ganin datti ya wuce. Ku riƙe wannan, don shi ne ya ja mini.

Bayan rasuwar iyayenmu Yaya ya ci gaba da zama a gidan shi kaɗai, yana gyare-gyarensa a ɗan shagon ƙofar gida. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke kawo masa fanka. Da tsufa ya ci ƙarfinsa zai koma wajen 'yarsa a wani gari mai nisa, sai ya zo da kwando ya ajiye a gaban shagon. Agwagi uku ne a ciki, toro ɗaya da mata biyu. Ya ce wa Yaya irinsu sun kusa ƙarewa, ya riƙe su amana. Ba irin agwagin da ake gani a bakin kwata ba ne. Baƙaƙe ne wuluk, har baki da ƙafa, amma in rana ta dake su sai ka ga kore yana walƙiya a jikinsu. Matan kuma in sun tsufa furfura suke yi kamar mutane.

To, abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: abu ya yi albarka a hannun Yaya. Cikin shekara tara uku suka zama arba'in da 'yan kai. Ya haƙa musu ɗan kududdufi a tsakar gida ya shafe da siminti. Mutane na zuwa kallo. Mutumin da ba ya iya haɗa jimla biyu da ɗan Adam, sai ka ji shi da safe yana yi wa agwagi faɗa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunanta. Ni ban cika shiga wajen ba. Kashinsu ya ishe ni daga nesa, kuma duk zuwan da zan yi sai na faɗa masa gidan Baba ya koma juji.

Sai ciwo ya shigo musu. Ran Litinin uku suka kwanta, kafin wata Litinin ɗin Yaya ya gama binne kusan dukkansu a bayan gida. Guda ɗaya ta rage, wata tsohuwa da yake kira Gwaggo, wadda furfura ta cinye mata wuya da ƙirji.

Yaya ya rufe shago. Fankokin mutane suka yi ƙura a ciki, masu su suka gaji da ƙwanƙwasa ƙofa suka daina zuwa. Kullum in na taso daga aiki ina biyawa da abinci, in tarar da na jiya a rufe yadda na bar shi. Yana zaune a kan benci kusa da busasshen kududdufin, gemu ya fito, wando yana neman zamewa daga ƙugu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi zagi. Na ce agwagwa ce fa, ba uwarka ba. Ya dube ni kawai. Wata uku muna haka, kuma ina faɗa muku gaskiya, na fara tsoron wata rana zan tura ƙofa in same shi a kan bencin nan ba rai.

Wata yamma na shiga ban gan shi a benci ba. Can na hango shi durƙushe a bakin akurki.

"Auta," ya ce, bai juyo ba, "Gwaggo ta yi kwanci."

Na leƙa. Ga ta ta tara ciyawa, ta fige gashin ƙirjinta ta yi gurbi, ta baje a kan ƙwai tana huci.

"Kwancin me? Ba toro a gidan nan. Ƙwan banza ne."

"Na sani. Ita ce ba ta sani ba."

Ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya shiga ɗaki ya fara zazzage akwati. Wani tsohon littafi yake nema, inda malamin nan ya taɓa rubuta masa lambar wayar 'yarsa.

Dabararsa ke nan: a samo ƙwai masu rai daga irin agwagin, a janye na banzan, a sa wa Gwaggo ta ƙyanƙyashe. Agwagwa kwana ashirin da takwas take yi a kan ƙwai. In an daɗe ba a kawo ba za ta gaji ta tashi, kuma a shekarunta ba wanda zai ce za ta sake wani kwancin. Shi ya sa tun daga ranar kowace safiya Yaya ke jan layi da gawayi a jikin bangon akurki.

Kwana biyu ana kiran lambar kafin a ɗauka. Malam ya rasu tuntuni, amma 'yarsa tana nan da agwagi biyar. Ni na riƙe wayar. Mace ce mai magana a gaggauce, da alama tana tsakiyar aiki. Ta ce za ta tara masa, amma sai ya jira kwana biyar, kuma ƙwan da ya wuce kwana goma da sakawa ba a cika samun komai a cikinsa ba. Tsakaninmu da ita tafiyar yini guda da rabi ce a mota. Na ce wa Yaya ya je da kansa mana. Ya ce wa zai bar wa Gwaggo? Na ce ni. Ya dube ni, ya dubi akurkin, kuma na ji haushi sosai.

Ofishin aika kaya suka ce su ba sa karɓar abin da ke fashewa. Ya rage sai direbobin tasha. Yaya ya kwashe yini uku yana zarya can har ya sami wanda ke bin wannan hanyar. Na raka shi sau ɗaya, na ga abin da ban taɓa gani ba: Yaya yana yi wa mutum bayani ba ƙaƙƙautawa. Kada a sa kwalin a but. Kada a ɗora shi kusa da inji. Kada rana ta dake shi ta gilashi. Tsinin ƙwan ƙasa yake kallo, mai faɗin sama, don a nan 'yar iskar da ɗan zai fara shaƙa take. In an shiga gargada a rage gudu. Direban yana ta saƙace haƙori yana cewa, "An gama, Baba, ai ƙwai ne, mun saba." Wani ɗan kamasho da ke gefe ya ce in ƙwai yake so ga mai shayi can, zai soya masa goma yanzu ba sai an yi doguwar tafiya ba. Tasha ta ɗauki dariya. Yaya bai ji su ba ma.

Ina wajen aiki ranar da kwalin farko ya iso, don haka ban ga abin da ke ciki ba. Da na zo na tarar da Yaya a benci, kwalin a gefensa ba komai sai jiƙaƙƙen ƙaiƙayi da ƙudaje. Direban ya sami fasinja a gaba, sai ya mayar da kwalin but, kusa da injin niƙa da wani ya ɗauro. Goma sha biyu ne. Bakwai sun fashe, biyar ɗin da suka rage kuma da ya haska su da tocila ya ga cikinsu ya kaɗe, iskar tana yawo kamar kumfa a kwalba. Ya riga ya binne su. A bango layi tara ne.

Na ce bari in je tashar in ci mutuncin direban nan. Yaya ya ce cin mutunci ba ya ƙyanƙyashewa. Ya ce in sake kira masa matar.

Wannan karon muryarta ta yi sanyi. Ta ce biyu daga cikin agwaginta sun fara kwanci su ma, sun daina saka. Abin da za ta iya tarawa a mako guda shi ke nan, bayan shi babu. Yaya ya karɓi wayar daga hannuna. Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba, ko Baba, amma ranar ya ce, "Baiwar Allah, ki taimake ni. Ba ni da kowa sai tsohuwar nan." Ina tsaye a gabansa ya faɗi haka, da kwanon abincinsa a hannuna.

Aka canza direba. Matar ta samo wata dattijuwa da za ta biyo motar, ta yarda za ta rungume kwalin a cinyarta har a iso. Mako ya yi mana tsawo. Gwaggo tana fitowa sau ɗaya a yini, ta sha ruwa, ta ɗan tsinci hatsi, ta koma da gudu. Ta fara ramewa. Yaya ma haka, sai dai yanzu yana cin loma biyu uku don ya iya tsayawa.

Ranar da layi ya kai goma sha bakwai ina hutu, na zo da safe in yi masa shara. Tun da sassafe ya tafi tasha, an ce motar za ta shigo da hantsi. Cikin ɗoki ya manta wayarsa a kan taga. Ina cikin wanke-wanke ta yi ƙara. Direban ne. Ya ce dattijuwar a bakin titinmu za ta sauka, ba za su kai tasha da ita ba, a zo a karɓi kaya. Na zura takalmi na fita. Ga ta kuwa, 'yar tsohuwa, ta rungume kwali kamar jariri, ta ce hannayenta sun sage tun jiya. Na yi mata godiya, na ɗauko shi ina tafiya a hankali. A jikinsa an rubuta da manyan baƙaƙe: ƙwai ne, kada a jijjiga, nan ne sama.

Na ajiye a tsakar gida. Da na bar shi haka, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma na ce bari in duba ko sun fashe, in san da wace fuska zan tari Yaya. Na yanke igiya, na ɗage ƙaiƙayi. Tara ne, kowanne a naɗe da takarda, ba wanda ya tsage. Na buɗe na farko, sai na ga baƙi ƙirin kamar an birkiɗa shi a gindin tukunya. Na biyu haka, na uku haka. Na goga yatsa, baƙin ya biyo yatsana.

Raina ya ɓaci. Na ce amma matar nan ƙazama ce. Mutum ya kwashe wata uku yana makokin agwagin da cuta ta kashe, ki aiko masa da ƙwai a cikin wannan dauɗa? Ƙwan Gwaggo da nake gani farare ne, ɗan toka-toka. Ni da na san abin da ƙwayar cuta ke yi, ni da nake goge ɗakin tiyata, ba za a sa wannan a ƙarƙashin agwagwar Yayana ina kallo ba. Na ɗebo ruwa a baho, na ɗauko sabulu da soso. Wallahi da zuciya ɗaya na yi. Ina wankewa baƙin yana fita, ɓawon yana haske, ina jin daɗi. Na jera su a kan tawul mai tsabta suna sheƙi. Na gama na shida na miƙa hannu ga na bakwai, sai na ji an turo ƙofa.

Yaya ne, ya dawo ɗaukar waya, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya. Ya dubi kwalin, ya dubi bahon da ruwansa ya yi baƙi, ya dubi tawul.

"Sun iso lafiya," na ce. "Ko ɗaya bai fashe ba. Dauɗar ce kawai na..."

"Ajiye wannan, Auta."

Na ajiye. Ya zo ya durƙusa, ya ɗauki ɗaya daga cikin wankakkun ya juya shi a tafin hannu.

"Ba dauɗa ba ce," ya ce. "Haka 'yan matansu ke sakawa, baƙi. In sun tsufa ne yake hasken. Kuma kowane ƙwai da rigarsa yake fitowa, ido ba ya ganinta. Ita ke toshe ƙofofin ɓawo kada cuta ta shiga. Ba a wanke ƙwan kwanci."

"Ba a rubuta a kwalin ba."

"Ba wanda ke rubutawa. Kowa ya sani."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da ya ɗaga bahon ya watsa mini, da na gode masa. Sai kawai ya mayar da ukun da ban taɓa ba cikin ƙaiƙayi, ya jera wankakkun a gefensu, ya kai ɗaki don su huta daga wahalar hanya zuwa washegari. Na zauna a ƙasa kusa da bahon. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne. Shekara tara yana kiwon agwagin nan a gidan ubana, ban taɓa leƙa gurbin 'yan matansu na ga kalar ƙwansu ba.

Washegari ya janye wa Gwaggo na banzan ya sa mata duka taran. Ya share layukan bango ya fara sabon lissafi daga ɗaya. Ita ta riga ta yi kwana goma sha takwas a zaune, ga wasu ashirin da takwas a gabanta.

Ban san yadda zan kwatanta muku kwanakin nan ba. A wajen aiki ina riƙe da tsumma sai in tsaya ina kallon hannuna. Na daina yi wa Yaya faɗan komai. In na shigo sai in ajiye abinci in tsaya daga nesa kamar baƙuwa. Shi kuma bai sake tayar da maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

A kwana na takwas, da Gwaggo ta fita shan ruwa, ya kwaso su muka shiga ɗaki ya rufe taga da bargo. Yana ɗora kowanne a bakin tocila. Mai rai za ka ga jan ɗigo a tsakiya da jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Cikin wankakkun shida, huɗu ba komai sai wani jan zobe, alamar sun fara sun mutu. Biyu suna da jijiya. Cikin ukun da suka tsira daga hannuna, ɗaya fanko ne, biyu suna motsi. Huɗu ke nan. Na ce a raina ko Allah zai rufa mini asiri da wankakkun nan biyu.

A kwana na goma sha biyar ɗayansu ya fashe a gurbi. Warin ya kai ƙofar gida. Yaya ya canza ciyawa, ya goge sauran da busasshen ƙyalle a hankali. Bayan kwana uku ɗayan ma ya fara tsattsafo da wani ruwa, ya cire shi. Duk wanda na taɓa da sabulu ya tafi. Saura biyu.

A kwana na ashirin da biyu Gwaggo ta fito shan ruwa ba ta koma ba. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, tana tafiya tana tangaɗi. Yaya ya ɗauke ta ya mayar, ta fito. Ya sake mayarwa, ta sake fitowa ta je inuwa ta kwanta ta sa kai a fiffike. Kwana arba'in ta yi a zaune, ba wanda zai ga laifinta. Na zo na same shi tsaye da ƙwai biyu a tafin hannu, sun fara hucewa, yana dube-dube kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

"Kawo," na ce.

Ya ja hannunsa baya. Wallahi ya ja baya.

"Ba sabulu a jikina, Yaya. Kawo."

Na naɗe su a ɗankwalina na cusa a ƙirji, ƙarƙashin riga, na ɗaure da zani. Na ce masa shi da ya ƙare rayuwarsa a cikin waya da ƙwan lantarki, yau ga ranar ƙwan lantarki ta zo. Ya tsaya yana kallona, sai ya juya ya nemo makulli. A ranar aka buɗe shagon, bayan kusan wata biyar. Ya samo akwatin katako, ya ɗaura ƙwan fitila a ciki, ya ciro ƙaramar fanka daga wani mataccen inji, ya ajiye kofin ruwa don kada ɓawon ya bushe. Ni na aro abin auna zafi a wajen aiki. Kafin la'asar ya haɗa.

Amma wuta ba ta san muna da ƙwai ba. Takan ɗauke awa uku, awa biyar. Na ɗauki hutun da na daɗe ina tarawa, na tare a gidan. Da zarar fitilar ta mutu sai in kwashe su in mayar ƙirji in zauna a kan tabarma ba motsi, ko tari ina tsoron yi. Mace mai jikoki, zaune tana kwanci. Maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko ba ni da lafiya, na ce mata ciwon baya ne.

Kwana ashirin da takwas ya cika. Tun safe muke gaban akwatin. Ba tsaga, ba motsi. Ashirin da tara, haka. Yaya ya daina jan layi. Ya koma benci, ya zauna irin zaman da na sani, hannaye a tsakanin gwiwoyi, abincinsa a rufe.

Ranar talatin da hantsi na buɗe akwatin, wari ya bugo ni. Ɗaya ya yi duhu, yana gumi. Na san in ya fashe a ciki zan kwana ina wanki, kuma na gaji, na gaji da jira, na gaji da ganin bayan Yaya a sunkuye. Na kwaso su duka biyun a tsumma na fito zan wuce bayan gida.

"Ina za ki da su?"

"Kwana biyu ya wuce, Yaya. Baragurbi ne."

Kalmar ta fita kafin in kama ta. Ta tsaya a tsakaninmu. Na yi shekara arba'in ina faɗinta, a gabansa da bayan idonsa, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Na durƙusa a gabansa da tsumman a hannu, hawaye suka zo.

"Ka yafe mini wankin nan. Ni na kashe maka su."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ƙwai da rashin sani kika wanke," ya ce. "Wannan na yafe tun ranar. Sunan nan kuwa da saninki kike kira."

Na sunkuyar da kai. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a gidanmu.

Ya miƙo hannu ya buɗe tsumman. Ya ɗauki mai warin ya shinshina, ya ajiye can gefe. Ya ɗauki ɗayan, ya shinshina, ya daɗe.

"Wanda ya sha hanya, ya sha sanyi, yakan makara," ya ce. "Baba ma saurin zubarwa gare shi."

Ya kara shi a kunnensa ya rufe ido. Ina kallon fuskarsa, ba abin da ya motsa a cikinta. Sai ya sunkuyo ya kara mini a nawa kunnen, ya ce in daina shessheƙar nan in saurara.

Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Sai na ji shi, can ciki, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya tsaya. Ya sake.

Fitilar akwatin a mace take, an ɗauke wuta tun ɗazu. Yaya ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya miƙo mini shi da hannu biyu.

"Riƙe, Auta," ya ce. "Kada ya huce."